Wace kalma za mu sa wa "melanoma"? Gobe ake naɗar shirin

Mai Shirin Lafiya:
Assalamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 na safe za a naɗi shirin rediyo na minti 12 a kan ciwon da ake kira melanoma. Na gama fassarar komai, saura sunan ciwon. Da na sa "sankarar fata", sai ga sakin layi na biyu yana cewa manyan sankarorin fata uku ne, melanoma ɗaya ce daga ciki. Ba zan ce wa mai sauraro "sankarar fata ɗaya ce daga cikin sankarar fata" ba. Ku agaza kafin dare ya yi.

Tafinta:
Wa alaikis salam, Hajiya. Baƙar sankara. Asalin kalmar Girkanci ne, "melas" baƙi, "oma" ƙari. Gajera ce, ba ta sarƙe harshe.

Likitan Fata:
Tafinta, asalin da ka kawo daidai ne, amma sunan zai iya ɓatar da mai sauraro. Bari in fara da ukun da Hajiya ta ambata. Ta farko tana tasowa daga ƙwayoyin da ke gindin shimfiɗar fata ta sama. Ita ta fi yawa a duniya, tana cin wurin da take a hankali, da wuya ta bazu cikin jiki. Ta biyu daga ƙwayoyin da ke sama da waɗancan take, ita ce mai fitowa a kan tsohon gyambo ko tabon ƙuna da ya shekara da shekaru, ita ce kuma ta fi addabar zabiya. Ta uku ita ce melanoma, daga ƙwayoyin da ke haɗa sinadarin da ke ba fata launi. Ba ta kai biyun can yawa ba, amma ta fi su saurin bin jini da hanyoyin kaluluwa zuwa huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ƙididdigar duniya ta 2020 ta nuna sababbin kamuwa kusan 325,000, mutuwa kusan 57,000.

Matsalar "baƙa" ita ce akwai melanomar da ba ta da baƙi ko ɗis. Jaja-jaja take fitowa, ko da launin fatar mai ita, kamar tsiron nama mai saurin jini. Irin wannan aka fi makara a kanta. In muka koya wa jama'a cewa baƙa ce, mai ja zai kwanta da kwanciyar hankali.

Tafinta:
To sankarar launin fata?

Sista:
A'a, ƙanena. Kunnen Bahaushe in ya ji "launin fata", wariya yake jira ta biyo baya. Wani ma zai ɗauka ciwon masu shafe-shafen mai ne.

Malamin Nahawu:
Kun fara gini ba ku duba harsashi ba. Duk mun san tawadar Allah, ɗigon baƙin nan da ake haifar mutum da shi ko ya fito masa daga baya. Mun kuma san daji. A haɗa su: TAWADAJI. Gaɓa huɗu, kamar melanoma ɗin, kuma duk wanda ya ji zai hango tawadar da ta rikiɗe ta zama daji. Kalma ɗaya tilo, ba jimla mai jan wutsiya ba. Sannan ina roƙon Hajiya kada ta yarda "kansa" ta shiga rubutun nan. A takarda ka rubuta "ya kamu da kansa", wa ya kama wa?

Mai Shirin Lafiya:
Allah ya gafarta Malam, ban sa kansa ba. Amma sankara ma tana da nata ciwon kan. A iska, in mai karatu ya haɗiye ƙarshen kalma, ba a raba ta da sanƙarau.

Malamin Nahawu:
Wannan laifin mai karatu ne da ba ya bambanta k da ƙ. Shi ya sa na ce daji. Tawadaji ta huce miki wannan duka.

Mai Gwajin Tsoka:
Malam, kalmar tana da daɗin faɗi, amma tana koyar da abin da ba haka yake ba. Yawancin melanoma ba daga tsohuwar tawada take tasowa ba, a kan lafiyayyar fata take fitowa sabuwa fil. Wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai ake samun tsohuwar tawada a gindinta. Kuma ƙwayoyin launin nan ba a fata kaɗai suke ba. Akwai su a cikin ido, da cikin baki, da hanci, da dubura, da al'aura, duk kuma melanoma tana iya tasowa a can. Wace tawada ce a cikin ƙwayar ido? Wannan ma ya sa "fata" ɗin da ke cikin sauran shawarwarin bai rufe komai ba.

Likitan Fata:
Ga abin da ya fi damuna da tawadaji, kuma shi nake so shirin ya tsaya a kai ko da sunan bai samu ba. Rubuce-rubucen da ake fassarowa yawanci don fararen fata aka yi su, irin na Ostireliya da New Zealand inda ciwon ya fi yawa a duniya, can maganar duk ta zafin rana ce da tawadar gadon baya. A baƙar fata ciwon bai kai haka yawa ba, in kuma ya zo, ya fi zuwa a tafin ƙafa, da dunduniya, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, wuraren da rana ba ruwanta da su. A tafin ƙafa yakan fara kamar shafaffen baƙi-baƙi, kamar an ɗiga shuni ya nashe, gefensa ba a daidaice ba, ba zafi ba ƙaiƙayi. Watanni yana faɗaɗa a kwance. Sai tsakiyarsa ta taso, ta fashe, ta fara ruwa da jini. A nan ne ake ce masa kanta, ko faso, ko ƙaya ce ta karye a ciki, a yi ta yankewa da reza ana ɗaure shi. A farce kuwa zane ne mai duhu da ke tafiya daga gindi zuwa baki. Baƙaƙen mutane da yawa suna da irin zanen nan a farata da dama kuma lafiya lau ne. Wanda ake tsoro shi ne na farce guda, wanda ya wuce milimita 3 a faɗi, yana ƙara faɗi, ya fi faɗi ta gindi, ko baƙin ya tsallake ya hau fatar da ke kewaye da farcen. Taruwar jini ta buguwa tana tafiya gaba yayin da farce ke tsiro, har a yanke ta. Zanen melanoma kuwa yana nan daram. Irinsa ne ya kama Bob Marley a babban yatsan ƙafa a 1977, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Wanda aka ce wa tawadaji, fuskarsa da wuyansa zai duba a madubi. Ba zai ɗaga ƙafa ya leƙa ba.

Malamin Nahawu:
Likita, ranka ya daɗe, suna ba ƙamus ba ne. Ciwon suga ma ba suga kaɗai ba ne labarinsa, ga shi ya zauna. Ku dai 'yan boko abin da ba ku so shi ne a ce an raba ku da kalmar da kuka sha wahalar haddacewa. Girkawa ƙaguwa suka kira ciwon daji, Larabawa suka ce saraɗan, ita ma ƙaguwar ce, ba wanda ya ce musu ai ƙari ba shi da ƙafa goma. Sai Bahaushe ya ƙirƙiri tasa ake auna ta da ma'aunin zinariya.

Tafinta:
Malam, tambaya ɗaya. Tawadaji mace ce ko namiji? Tawada ta, daji shi. Ka ce "tawadaji ta huce miki", amma a ka'ida "ya" ya kamata. Jam'in fa? Tawadazuzzuka?

Malamin Nahawu:
Mace ce, don cuta mace ce. Yaro, lokacin da ake koyar da jinsi ba ka zo ba. Kuma wa ya taɓa neman jam'in tarin fuka?

Sista:
Baba Malam, a yi haƙuri, ba wulaƙanta harshe ake yi ba. Abin dubawa shi ne abin da zai faru bayan an kashe rediyo. Mace ta ji shirin, ta je asibiti ta ce tana tsoron tawadaji, ba mai gane ta. Aka yi gwaji, takardar sakamako ta fito, melanoma za a rubuta a kai. In ba ta taɓa jin kalmar ba, ba za ta haɗa ta da abin da ta ji a rediyo ba. Faransawa ma ba su ƙirƙiri wata ba, gyara ta Girkancin suka yi daidai bakinsu. Mun ari allura, mun ari asibiti, mun ari likita, ba mu ragu da komai ba. Kuma ina tsoron "daji" a wannan wuri. Akwai tsohuwar magana cewa daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Wannan ciwon kuwa wuƙa ce maganinsa na farko, kuma tun yana siriri.

Malamin Nahawu:
A rediyo a ce melanoma, rabin masu sauraro "manoma" za su ji, su ce ciwon manoma ne. Ku rubuta ku ajiye.

Tafinta:
Wannan kam Malam ya ci. Sai a ja "la" ɗin sosai.

Mai Gwajin Tsoka:
Tunda Sista ta taɓo wuƙa, Hajiya ki duba ko fassararki ta riƙe wannan daidai, don nan masu fassara suka fi zamewa. Abin da ke nuna makomar mai ciwon ba faɗin tabon ba ne, zurfinsa ne cikin fata. Ana auna shi da madubin likita, da milimita, bisa ma'aunin da Alexander Breslow ya fitar a 1970. Wadda ba ta kai milimita 1 ba siririya ce, mafi yawan masu ita suna warkewa da tiyata kaɗai. Wadda ta wuce 4 mai kauri ce, haɗarin bazuwa ya yi yawa. Saboda haka ake so a cire tabon ɗungurungum, da ɗan gefe na milimita 2 ko makamancin haka, a kai gwaji. In aka ƙone shi, ko aka kankare samansa, ko aka zuba masa abu mai ci, an ɓata awon, saiwar kuma tana nan ƙasa. In gwaji ya tabbatar, sai a koma a faɗaɗa yankan: santimita 1 ga siririya, 2 ga wadda ta wuce milimita 2. Daga wajen milimita 1 zuwa sama akan ciro kaluluwar farko da ruwan wurin ke zuba cikinta a duba, ta matsematsi in ƙafa ce, ta hammata in hannu ne. Wadda ta bazu kuma, tun 2011 aka fara samun magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki a kanta, sun canza lissafi ƙwarai, amma ba kowa suke yi wa aiki ba. Don Allah kada a rubuta "kauri" a inda ake nufin "faɗi", ko akasin haka.

Mai Shirin Lafiya:
Na duba, wallahi "girma" na sa a duka biyun. Na gyara. Saura alamomi biyar ɗin nan da Turawa suka jera bisa haruffansu na farko, A zuwa E. A Hausa jerin ba ya tashi.

Likitan Fata:
Ki bar haruffan, ki faɗi abin. Rabi bai yi kama da rabi ba. Gefe a tattauye, ba a zagaye ba. Launi fiye da ɗaya a tabo guda. Faɗi ya wuce milimita 6, kamar magogin gindin fensir. Sai sauyawa, wadda ta fi sauran nauyi: ya ƙaru, ya taso, ya fara jini ko ƙaiƙayi. Ki ƙara ta shida da babu a jerinsu: miki a tafin ƙafa da ya ƙi warkewa, ko zanen farce mai faɗaɗa. In lokaci ya ƙure, maganar man kare rana ce za ki taƙaita, ki bar ta ga zabiya da masu hasken fata, su kam dole ne, da hula mai faɗi da riga mai dogon hannu.

Malamin Nahawu:
Kun ga "tattauye" da "nashe" duk Likita ya samo su ba tare da ya je Girka ba. Harshen bai gaza ba, masu shi ne suka gaji.

Sista:
Baba, ba wanda ya ce ya gaza. Suna guda ne muke aro, bayanin duk namu ne.

Tafinta:
In ba za a bar ta tsirara ba, a yi mata rakiya a ambato na farko: "melanoma, wato sankarar ƙwayoyin rinin jiki". Rini ya kauce wa launin fata, ya kauce wa baƙi, jiki kuma ya ɗauke ido da baki.

Mai Gwajin Tsoka:
Ta fuskar ilimi ba ni da ja. Mai ja ɗin ma daga ƙwayoyin rinin take, rinin ne kawai ba ta yi.

Likitan Fata:
Ta yi tsawo, amma sau ɗaya za a faɗe ta. Na yarda.

Mai Shirin Lafiya:
To ga yadda na rubuta: "melanoma, wato sankarar da ke tasowa daga ƙwayoyin rinin jiki, wadda ta fi sauran sankarorin fata haɗari." Daga nan melanoma kawai, a mace, kuma zan ja kunnen mai karatu a kan manoma da sanƙarau. Biyun farko har yanzu ba su da suna, na bar su a "ta gindin fata" da "mai bin tsohon gyambo", ban gamsu ba amma dare ya yi. Malam, na sa tawadar Allah a wurin alamomi, ba a matsayin suna ba. Na gode muku duka, Allah ya saka.

Malamin Nahawu:
Rini dai Hausa ce, wannan na karɓa. Melanoma ban karɓa ba, haƙuri na yi saboda agogo. Ni a ajina tawadaji zan ci gaba da cewa. Kuma Hajiya, jam'in nan "sankarori" da kika yi ta maimaitawa, wa ya ba ki shi? A buɗe masa zare na daban.