Tafiyar Saɓani: Sunan da Na Tsayar wa Muryoyi Biyu a Kan Jita

Jama'a, assalamu alaikum. Mako biyu ke nan da na kawo cigiyar kalma a wannan zaure, kuma tun da shawarwari sun taru, ya kamata in faɗi inda na tsaya da dalilina. Ga wanda bai ga farkon maganar ba, ina koya wa ɗan yayana kiɗan jita irin na jaz, wani salon kiɗan Amurka, a ƙauyenmu da ke gefen Ringim, da yamma bayan an taso daga gona. Mun iso darasin da Turawa suke kira kwantirari moshin, wato muryoyi biyu su tafi lokaci guda, ɗaya tana hawa, ɗaya tana sauka. Na maimaita masa sunan har ya zauna a bakinsa, amma yatsunsa ba su motsa ba, sai ya ɗago kai ya ce, "Baffa, da Hausa me ake so in yi?"

Wannan darasi reshe ne na abin da suke kira folifoni, kalmar da ta samo asali daga Girkanci, ma'anarta muryoyi da yawa. Ba taron sauti kawai ake nufi ba. Ana nufin kowace murya ta kasance da tata hanyar, ta yadda ko an cire sauran za a iya rera ta ita kaɗai ta yi daɗi. A Turai, Bach, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Jamus, wanda ya rayu daga 1685 zuwa 1750, shi ne gwanin da ake buga misali da shi. A jaz kuwa abin ya zo tun daga tushe, domin a birnin Niyu Oliyans na Amurka masu busa uku sukan busa tare, kowa yana ƙirƙirar nasa layin nan take, kuma ana jin haka a faifan jaz na farko da aka naɗa a 1917. Wahalar mai jita ita ce shi kaɗai zai yi aikin mutum biyu ko uku a kan tsirkiya shida. Saboda haka ne George Van Eps, wani makaɗin jitar jaz, ya ƙara wa jitarsa tsirkiya ta bakwai mai kauri a ƙarshen shekarun 1930, don muryar ƙasa ta sami filin tafiya, kuma wanda ya saurari faifan da Joe Pass, shi ma makaɗin jitar jaz, ya naɗa shi kaɗai a 1973 zai rantse cewa mutum biyu ne suke kiɗa a wasu wuraren.

Ga abin da na ɗora yaron a kai, domin masu jita su gwada kafin su yanke hukunci. Babban yatsa ya kaɗa tsirkiya ta biyar a gaɓa ta uku ta wuyan jita, sannan ta huɗu a sake ba tare da an danne ta ba, sannan ta huɗu a gaɓa ta biyu, wato do, re, mi, yana hawa. A daidai wannan lokacin ɗan yatsa ya kaɗa tsirkiya ta farko a sake, sannan ta biyu a gaɓa ta uku, sannan ta biyu a gaɓa ta ɗaya, wato mi, re, do, yana sauka. Taku uku ne kacal, amma kunne yana jin mutum biyu sarai. Da a ce tare suka hau da tazara iri ɗaya, musamman irin tazarar da ke tsakanin muryar namiji da ta mace idan suna rera abu guda, da kunne ya narkar da su ya ji murya ɗaya mai kauri. Amfanin darasin ke nan, kuma shi nake so sunan ya ɗauka.

Shawara ta farko da aka kawo ita ce amshi. Ban karɓe ta ba, domin 'yan amshi jira suke yi mawaƙi ya kai aya sannan su karɓa, alhali a nan babu mai jiran wani. Wata baiwar Allah daga wajen Gumel ta kawo lugude, kuma na daɗe ina juya wannan kalma, don duk wanda ya tsaya kusa da mata biyu a kan turmi ɗaya ya ga taɓarya tana tashi yayin da 'yar'uwarta take faɗawa. Hajiya, hoton ya yi kyau ƙwarai, sai dai a lugude bugun ne ake karɓa-karɓa, ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa tare muke kaɗa tsirkiyoyin biyu; abin da ya bambanta shi ne inda sautin ya dosa. Ina ganin a ajiye lugude ga salon da muryoyi suke raba bugu a tsakaninsu, zai zauna masa daram.

Wani malamin Hausa ya ba da hannun riga, kuma ya yi hujja mai ƙarfi cewa hannuwan riga kowanne ya nufi nasa gefen, amma jikin riga ɗaya ne ya riƙe su. Allah ya gafarta malam, na yarda da rabin maganar. Hannun riga rabuwa ce kawai, amma a misalin da na bayar muryoyin kusantar juna suke yi, ta sama tana saukowa, ta ƙasa tana taryen ta. Muna bukatar kalmar da za ta ɗauki rabuwar da kusantar duka.

Shi ya sa na tsaya a kan tafiyar saɓani. Na san an yi ƙorafi cewa saɓani yana kawo tunanin rashin jituwa, kuma kiɗa jituwa yake nema. Amma mu tuna yadda muke amfani da kalmar kullum: idan na tafi kasuwa neman yayana, shi kuma ya nufo gida nemana, cewa muke yi mun yi saɓani, ba tare da ko cacar baki ta shiga tsakaninmu ba. Hanya ɗaya, lokaci ɗaya, fuska biyu. Kafin mu gifta juna muna kusantowa, bayan mun gifta muna nisanta, kuma duka biyun saɓani ne. Kalmar tafiya da ke gaba ita ce take kore ma'anar faɗa. Na gwada a kan yaron, na ce masa, "Yatsun nan biyu su yi saɓani, wannan ya hau, wancan ya sauko." Bai sake tambaya ba, ya kuwa kaɗa daidai a karo na biyu. Idan ana son a fayyace, sai a ce saɓanin hannun riga ga wanda ake buɗewa, saɓanin tarye ga wanda ake kusantowa, ta haka shawarar malam ta sami gurbinta.

Sauran 'yan'uwan darasin ba su ba ni wahala ba. Idan muryoyin suka tafi tare da tazara ɗaya, tafiyar jere ce. Idan ɗaya ta tsaya cak a kan sauti guda, ɗayar tana kewaya ta, tafiyar turke ce, kamar akuya da turkenta. Folifoni kuma ina kiran ta tufkar muryoyi, don a igiya kowane sili yana nan da kansa daga farko har ƙarshe, ko da yake an murɗe su tare.

Abin da ya rage mini shi ne sunan ƙirƙirar da ake yi ana cikin kiɗa, ba tare da an tsara tun farko ba. A yanzu ina cewa tufkar nan take, amma makaɗan garaya da gurmi sun daɗe suna yin wannan aiki a gaban jama'a, kuma na fi son kalmar da ta fito daga bakinsu. Wanda yake da makaɗi a garinsu, don Allah ya tambayar mana shi ranar kasuwa, ya kawo mana amsar yadda ya faɗe ta.