Shekara guda ban leƙa tasha ba, ku ba ni shawara

Tsohon direba, Garin Malam:
Salamu alaikum ƴan uwa. Shekara 16 na yi ina jan kamyo tsakanin Damagaram da Agadas, in hau da gero da rake, in sauko da albasa. Bara bayan ƙaramar salla taya ta fashe mini gaba da Tanut, mota ta kife. Karen motata Allah ya tsare shi, ni kuwa sai da aka yanke mini ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Miki ya warke, alhamdu lillahi, amma har yau na kasa fita. In abokan aiki suka yi sallama sai in ce wa maiɗakina ta ce ina barci. Ita ke tuyar ƙosai a ƙofar gida yanzu, matar da nake ajiye wa jika 50 in zan kama hanya. Masallaci taku kaɗan ne, amma ba na son a riƙa matsa mini wuri ana "sannu, sannu". Da dare kuma ƙaiƙayi nake ji a tafin ƙafar da babu ita, in kai hannu in taɓa tabarma. Ko taɓuwa na fara? Shekarata 43, ƴaƴa 5. In ba direba ba, ni wane ne?

Majinyaciya, Sabon Gari:
Yaya, kwantar da hankalinka, ba taɓuwa ba ce. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna jin haka: jijiyoyin da aka datse suna ci gaba da aika saƙo, ƙwaƙwalwa kuwa ba ta daina lissafa ƙafar ba. Yana raguwa, in ya hana ka barci akwai magani. Abin da ya fi damuna zamanka wuri ɗaya. Gwiwar da ke yini a lanƙwashe takan ƙage, in ta ƙage ƙafar roba ba za ta zauna daidai ba. Ka riƙa miƙe ta kullum, ka koma asibiti su duba dungun. Wanda aka bar wa gwiwarsa ya fi saurin koyon tafiya nesa ba kusa ba. In kuma abinci ya daina shiga, ko ka fara jin gara mutuwa, kada ka ɓoye wa likita.

Ɗan kabu-kabu, Kara-Kara:
Haba maigida, ka yi ta maza mana! Wasu ba su da ƙafa biyun suna cin abincinsu.

Baba, Birni:
Yaro, sassauta. Wanda bai sha kashi ba ba ya jin bari.

Ƙanena, ni ba gaɓa na rasa ba, dukiya ce. Runfa biyu gare ni a kasuwar Dole, kayan Kano nake shigowa da su ta Maimujiya. Da aka rufe iyaka a 2019 bashi ya cinye ni, na sayar da duka har da moto. Wata bakwai ina zagayawa ta lungu don kada in bi gaban runfar. Ka san abin da ya tsare ni? Jira nake Alhajin nan na da, wato ni mai dukiya, ya dawo, sa'an nan in fita in gaisa da mutane. Bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Ran da na haƙura na je na zauna wurin yaron da ni na koya wa awon yadi, yana biyana a wata, na sha kunya ta kwana uku. A na huɗu kowa ya koma harkarsa, don mutanen kasuwa ba su da lokacin kallonka yadda kake zato. "Sannu" ɗin nan da kake gudu, mako biyu ne ta ƙare. Ɓuyan ne ke ja mata rai.

Malamin allo, Zango:
Allah ya sa kaffara ce. Ka tuna Urwatu ɗan Zubairu, babban malamin Madina: an yanke masa ƙafa a Sham zamanin Walidu ɗan Abdulmalik, a tafiyar kuma ɗansa ya rasu, ya dawo ya ci gaba da karantarwa. Baƙin cikinka ba raunin imani ba ne, Annabi Yaƙubu ya yi kukan Yusufu har idanunsa suka yi fari. Salla kuwa a zaune ta inganta ga wanda bai iya tsayuwa. Fara da asuba, mutane kaɗan ne.

Inna, Tudun Jamus:
Duk kun manta da mai ƙosai. Ɗana, baiwar Allahn nan tana tashi tun kafin kiran salla, kai kuma ka ƙara mata aikin yi wa baƙi ƙarya. Ba ta ce maka komai ba don tana jin nauyinka. Ka ja kujera ka zauna kusa da kaskon, ko canji ne ka riƙa bayarwa.

Ɗan kamasho, tashar Agadas:
Wanda ya san hanyar nan shekara 16 ya san mai kaya, ya san farashin lodi, ya san direban da ba a ba amana. Wannan ba a ƙafa yake ba. Ka zo tasha ran Alhamis da hantsi mu yi magana, ban yi maka alkawarin kuɗi mai yawa ba.

Tsohon direba, Garin Malam:
Na gode duka. Inna, maganarki ta yi zafi, amma yau da safe ni na bayar da canji, har na yi kuskuren dala 20 ta yi mini dariya. Alhamis ban sani ba tukuna. Wa ya san mai adaidaita da zai ɗauke ni daga ƙofar gida?