Jama'a ina neman kalmar Hausa ta privacy da data collection, gobe nake da shiri

Mai Shirin Safe: Salam 'yan uwa. Gobe da safe zan shiga rediyo kan antibairos na kyauta, wato manhajar da ke kare kwamfuta daga bairos, labarin Avast ne, kamfanin nan na ƙasar Czech. A Janairun 2020 aka bankaɗo suna kwasar tarihin shafukan da mutane ke shiga suna sayarwa ta wani reshensu Jumpshot, a 2024 hukumar FTC ta Amurka mai kare haƙƙin masu sayayya ta ci su tarar dala miliyan 16.5. Kalmomi biyun nan ne suka hana ni gama rubutu. A taimaka don Allah.

Ɗan Fagge: Sirri mana. Tattara bayanai. Shi kenan ai.

'Yar Damagaram: Yaya sirri bai kamo shi ba fa. Wanda ya nemi maganin basir a intanet ko ya duba farashin taki ba wani sirri ya yi ba, kawai dai ba ruwan kowa ne, kuma irin wannan ɗin suka sayar, FTC ta ce har addinin mutum da rashin lafiyarsa da inda ya karkata a siyasa ana iya ganowa a ciki. Ni keɓantawa zan ce.

Ɗan Fagge: Keɓantawa kamar za a killace mai kwalara.

Baba Malam: Duk ku tsaya. Sirri Larabci ne, asiri ma Larabci ne. Muna da ƙurya, ƙuryar ɗaki inda baƙo ba ya shiga. A ce ƙuryantaka. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibaina.

Mai Gyaran Waya: Allah ya gafarta Malam, in ya ce ƙuryantaka a rediyo wallahi mutane za su ɗauka wata cuta ce ta ɓullo.

Baba Malam: Haka aka yi wa na'ura mai ƙwaƙwalwa dariya, yau ga shi kowa ya san ta. Matsalarku ku yaran yanzu sai kalma ta zo daga waje take muku kwarjini.

'Yar Damagaram: Baba, na'ura ɗin ma ai Larabci ce.

Baba Malam: 'Yata wannan ta zauna da gindinta, daban ce.

Ɗan Fagge: To sirri fa? Ko ita a tsaye take? Mu dai a Kano ba wanda zai ce ƙuryantaka.

'Yar Damagaram: An fara. Sai abin da Kano ta ce shi ne Hausa ke nan, mu namu gargaliya ne.

Ɗan Fagge: Ni ban ce ba hajiya, ke kika faɗa.

Mai Shirin Safe: Don Allah a dawo kan hanya, dare na yi.

Mai Gyaran Waya: Ni ta biyun ce ta dame ni. Tattara bayanai ta yi musu sassauci, kamar ma'aikacin ƙidaya ne ya yi sallama ya tambaya. Kullum mutane suna kawo min kwamfuta in sa musu na kyauta, ba mai karanta sharuɗɗan nan, danna yarda kawai ake yi, kuma antibairos sai ka ba shi izinin leƙa komai kafin ya yi aiki, shi ya sa kwasar bayanan da yake yi ta fi muni. Avast sun ce sun goge sunaye kafin su sayar amma FTC ta ce gogewar ba ta isa ba. Tatsar bayanai nake ganin ya dace.

'Yar Damagaram: Tatsa ta yi. Sai dai hukunci ce, a labarai edita zai iya cirewa.

Mai Shirin Safe: To ga yadda zan yi. A kanun labari tattara bayanai, in na shiga sharhi tatsa. Ɗayar kuma haƙƙin sirri zan ce, in ƙara da abin da ba ruwan kowa da shi a karon farko.

'Yar Damagaram: Ban gamsu ba amma ya fi sirri zalla.

Baba Malam: Ko sau ɗaya ka ambaci ƙuryantaka ka ji abin da masu kira za su ce.

Mai Shirin Safe: In lokaci ya rage Baba.