Shawarwari kan horar da shugabannin makarantu

A tattaunawar da wasu tsofaffin shugabannin makarantun firamare suka yi, an fi daɗewa kan yadda ake naɗa hedimasta. Yawanci shekarun aiki ake dubawa, sai malamin da aji kawai ya sani ya wayi gari da rajista, kuɗin makaranta da ƙorafin iyaye a wuyansa, ba wanda ya nuna masa hanya. Shawararsu ita ce a horar da shi kafin naɗi, ya yi zangon karatu guda a ƙarƙashin gogaggen shugaba.

Sun soki bitar otal da ake watsewa da zarar an raba alawus. Sun fi son shugabannin makarantun da ke maƙwabtaka su riƙa haɗuwa duk wata, suna shiga azuzuwan juna. A ganina nan gyaran yake, domin shugaban da ba ya leƙa aji ba zai san ɗan aji huɗu bai iya karatu ba.

An kuma nemi hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi (SUBEB) su haɗa kai da cibiyar horo kan tsarawa da gudanar da ilimi (NIEPA) ta Ondo da cibiyar horar da malamai ta ƙasa (NTI) ta Kaduna, a ƙara yawan mata a horon, a koyar da tafiya da kwamitin al'umma mai kula da gudanar da makaranta (SBMC).