A wane mataki jarumai suka fi daɗin wasa?

Aminu: Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni daɗewa a wannan harka. Shekara ɗaya da rabi ke nan ina jan ragamar wasan Dungeons & Dragons, bugu na biyar na 2014, ga abokaina huɗu. Wasan tebur ne inda ni nake tsara labari, kowannensu kuma yana riƙe da jarumi ɗaya da ƙarfinsa ke ƙaruwa mataki-mataki, kuma jarumansu sun kai mataki na 13. Tun da suka wuce na 10 wasan ya fara fin ƙarfina. Kafin zamanmu na baya na yi dare uku ina tsara tafiyar kwana ashirin a cikin hamada, da rijiyoyinta da 'yan fashinta da ayarin da za su raka, amma matsafin ƙungiyar ya karanta sihirin Teleport, mai kai mutane wuri mai nisa nan take, sai ga su a ƙofar birnin, domin ya taɓa zuwa can. Faɗan da ya biyo baya zagaye huɗu ne kacal, amma ya ci mana awa biyu da rabi. Muna shirin fara sabon labari bayan wannan. Daga wane mataki kuke ganin ya dace a fara, kuma a ina ya kamata a tsaya?

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Aminu. Abin da ya same ka ya sami kusan duk wanda ya ja wasa har zuwa nan, kuma ba sakacinka ba ne, haka ginin wasan yake. Shawarata ita ce ka fara daga mataki na 3 ka rufe labari a na 9 ko na 10. A na 3 kowane jarumi ya riga ya zaɓi reshen sana'arsa, kuma yana da makin rai da zai ɗauki sara biyu ko uku bai faɗi ba. A na 5 ne ake babban tsalle: mayaƙi ya fara kai hari sau biyu a zagaye ɗaya, matsafi ya sami Fireball, sihirin ƙwallon wuta, wanda ake jefa masa ƙwayoyin wasa takwas masu fuska shida don ƙirga ɓarnarsa, mai warkarwa kuma ya iya tashin wanda bai wuce minti ɗaya da mutuwa ba, idan yana da lu'ulu'u na zinare 300. Daga nan zuwa na 9 'yan wasa suna jin kansu gwarzaye, amma kogi mai ambaliya da ganuwar birni da doguwar tafiya duk suna nan a matsayin matsala, kuma waɗannan su ne kayan aikin mai jan wasa.

Ka lura cewa masu ƙirƙirar wasannin da kansu nan suka fi zama. Littafin kasada na Curse of Strahd na 2016 daga mataki na 1 zuwa na 10 aka rubuta shi, kuma kamfanin Larian na Beljiyam ya tsayar da wasan kwamfuta na Baldur's Gate 3 a mataki na 12, wato taki ɗaya kafin sihirin da ya haɗiye maka hamadarka. Tun zamanin bugu na 3.5 wasu suka fito da tsarin da ake kira E6, inda jarumi ba ya wuce mataki na 6, sai dai a riƙa ƙara masa ƙananan gwaninta lokaci bayan lokaci. Na ja wasa da shi na wata takwas, kuma har ranar ƙarshe dodo mai aman wuta abin gudu ne.

Malama Hadiza: Malam, na yarda da inda ka tsaya, amma ban yarda a tsallake mataki na 1 da na 2 ba. Makin gogewa 300 ne ke kai jarumi na 2, maki 900 kuma na 3, saboda haka zama biyu ko uku ne kawai, amma a cikinsu ne 'yan wasa ke koyon tsoro. Lokacin da na ja wa ƙannena labarin kasada na Lost Mine of Phandelver, wanda yake buɗewa da kwanton ɓaunar ƙananan dodanni huɗu da ake kira goblin, matsafiyarmu tana da makin rai takwas, kibiya biyu suka kwantar da ita. Ƙanwata ta riƙe fensir tana kallon takardarta ba ta ce uffan ba har aka ja jarumarta bayan keken shanu aka ɗaure mata rauni. Tun daga ranar ba su ƙara shiga kogo ba sai sun aika ɗan leƙen asiri, sun ƙirga igiya da fitila. Wanda aka miƙa wa jarumi mai ƙarfi tun farko ba ya samun wannan tarbiyya.

Idan abokanka za su yarda su gwada wani wasa na ɗan lokaci, Aminu, ina ba ka shawarar Dungeon Crawl Classics na 2012, inda kowane ɗan wasa ke farawa da talakawa uku ko huɗu marasa mataki, manomi ko maƙeri ko makiyayi, wanda ya tsira daga kasadar farko shi ne zai zama jarumi. Akwai kuma Shadowdark na 2023, wanda ya tsaya a mataki na 10, kuma a cikinsa fitila awa ɗaya take ci ta agogon gaske.

Yakubu: Yaya Aminu, ni zan kare manyan matakai, domin su nake so, kuma ina ganin ana yi musu rashin adalci. Jarumin mataki na 13 ya wuce rakiyar ayari, kamar yadda ba a aiken sarkin yaƙi sayen gishiri. A wannan matsayi tambayar ita ce wane gari za su ceta idan an kai hari garuruwa biyu a dare ɗaya, da kuma wa zai hau karaga bayan sun kawar da azzalumi. Maƙiyinsu ma dole ya san abin da suke iyawa: sihirin Forbiddance yana hana a faɗo cikin fada ta hanyar Teleport, kuma shi kansa Teleport yana iya kuskure idan matsafin bai san wurin sosai ba. Idan lissafin faɗa ne ke wahalar da kai, ka duba wasan Pathfinder bugu na biyu na 2019. A can ana ƙara matakin jarumi a kan duk abin da ya ƙware a kai, su ma dodanni ƙarfinsu na tafiya da matakinsu, shi ya sa ma'aunin wahalar faɗa yake riƙe gaskiyarsa har mataki na 20.

Malama Hadiza: Yakubu, wannan bai magance awa biyu da rabi ba. Matsafi mai sihiri ashirin a takardarsa zai daɗe yana zaɓe, a kowane wasa yake.

Yakubu: Gaskiya ne, Anti. Mu a teburinmu minti ɗaya ake ba kowa ya faɗi abin da zai yi, idan ya wuce sai jaruminsa ya tsaya kare kansa a wannan zagayen, kuma kowane matsafi yana rubuta sihirinsa a ƙananan katuna kafin a zauna.

Malam Bashir: Kafin ka yanke hukunci, Aminu, ka tambayi kowane ɗayansu shi kaɗai wane zama ne ya fi tunawa da shi a cikin shekara ɗaya da rabin nan, sannan ka duba matakin da suke a ranar. Kada kuma ka yanke labarin yanzu a tsakiya, domin sun sha wahala kafin su kawo nan.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambayi biyu daga cikinsu a daren jiya, kuma dukansu sun ambaci ranar da suka tsare wata gada su huɗu a mataki na 6. Zan rufe labarin nan cikin zama huɗu ta hanyar da Yakubu ya nuna, da hari biyu a dare ɗaya, sannan mu fara sabo daga mataki na 1 kamar yadda Malama ta ce, in sanar da su tun farko cewa a na 10 za a tsaya. Malam, idan takardun E6 ɗinka suna nan, ina so in ga yadda ka raba gwanintar bayan mataki na 6.