Ruwa yana tsattsafowa a gindin madatsarmu ta ƙasa: shin akwai haɗari?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Shekara uku ke nan da muka tare wani ƙaramin kwari tsakanin tsaunuka biyu da bangon ƙasa domin noman rani, kuma tsayinsa bai wuce mita biyar ba. Tun da ruwa ya cika bana, na lura gindin bangon ta baya ba ya bushewa, har ƙafa tana nutsewa idan an taka. Wasu suna cewa mu liƙe wurin da yumɓu. Mene ne shawararku?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ku liƙe. Babu bangon ƙasa da ba ya yoyo ko kaɗan. Abin dubawa shi ne irin ruwan da yake fitowa. Ka ɗebo shi a farar kwalba, ka ajiye ya kwana. Idan ya wayi gari garau, babu komai a ƙasan kwalbar, to da sauƙi. Amma idan ka tarar laka ta kwanta, ruwan yana kwasar cikin bangon ne yana haƙa wa kansa hanya, kuma hanyar nan faɗi take ƙarawa har ranar da za ta rufta. Haka madatsar Teton ta Amurka ta ɓalle a 1976 lokacin cikarta ta farko, duk da girmanta da injiniyoyinta.

Yumɓun da za ku sa ta baya zai tsare ruwan ne a cikin bango, ya jiƙa shi, ya raunana shi. Abin da ake yi shi ne a shimfiɗa yashi a wurin, a bi shi da tsakuwa, sannan duwatsu, domin ruwa ya wuce amma ƙasa ta tsaya. Idan kuwa da laka, ku rage ruwan a hankali, ku nemo injiniya ba tare da jinkiri ba.

Amsa ta biyu:
Na yarda da wannan, sai dai ni mafitar ambaliya, wato hanyar da rarar ruwa take bi ta fita idan madatsa ta cika, ta fi damuna. A kan tudu ruwan sama da gudu yake saukowa, kuma da zarar ya haura saman bangon ƙasa, cikin ɗan lokaci zai zaizaye shi. Dole mafitar ta kasance a gefe, a haƙe cikin ƙasa ta asali ko dutse, kuma a share ta kafin damina.

Amsa ta uku:
Ka duba ko akwai shurin gara ko ramin gafiya a jikin bangon. Bishiya ma ba a barinta ta girma a kai, domin saiwarta idan ta ruɓe ƙofa take bar wa ruwa. Ciyawa kaɗai ta dace.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Na ɗebo ruwan jiya da yamma, yau da safe na ga ɗan jan abu a ƙasan kwalbar. Mun fara rage ruwan.