Neman shawara: gyaran banɗaki da ƙarin wani a tsakar gida, sai na nemi izinin KNUPDA, hukumar tsarin gine-gine ta Kano?

Baban Walida

Assalamu alaikum 'yan uwa. Gidan yana Ɗorayi a Kano, ginin bulo ne, ba bene ba. Banɗakin cikinsa tsoho ne, mita 1.5 a faɗi, 2.4 a tsawo. Ina son in cire na tsuguno in sa na zama, in yi tayil da shawa da hita, in kuma fasa ƙofa ta cikin ɗakin kwana a toshe ta falo. Na biyu, ina son ƙara ƙaramin banɗaki a tsakar gida saboda baƙi da yara. Masan da ake da shi ya kusa cika, magini ya ce a haƙa sabon sokawe a ƙofar gida tunda ciki akwai rijiya kuma wuri ya yi kaɗan. Filin awon igiya ne, takardar ciniki kawai nake da ita mai sa hannun mai unguwa. Shin aikin nan yana buƙatar izini? Kuma ta ina zan fara lissafin kuɗi? Mu takwas ne a gidan.

Abu Hanif

Wa alaikumus salam. Malam, yi aikinka kawai. Wa zai shigo maka cikin gida ya duba banɗaki? Izini na masu gina plaza ne da gidan mai.

Mai Zanen Gida

Abu Hanif, rabin maganarka gaskiya ce, rabin kuma za ta iya jawo wa Baban Walida jan fentin hukuma na gargaɗin rusau a katanga. Aiki uku ya lissafa, kuma ba hukuncinsu ɗaya ba.

Canza tayil, canza mazaunin banɗaki, sabunta bututu, sa shawa da hita, duk wannan gyaran cikin gida ne. Bai taɓa ƙashin ginin ba, bai ƙara masa girma ba, kuma a aikace ba a zuwa hukuma a kansa. Ƙara sabon ɗaki kuwa, ko da banɗaki ne mai mita biyu, sabon gini ne. Dokar tsara birane da yankuna ta ƙasa ta 1992 ta ce duk mai son yin gini sai ya samu amincewar hukumar da ke kula da tsarin gine-gine, a birnin Kano kuma KNUPDA ce, wadda manyanmu suka sani da KASEPPA a da. Dokar ba ta ware talaka da mai plaza ba. Gaskiya ne mutane da yawa suna ƙara ɗaki a cikin katangarsu babu wanda ya ce musu uffan, amma wannan rashin kamawa ne, ba halasci ba. Ranar da maƙwabci ya kai ƙara, ko aka zo sayar da gidan, ko banki ya nemi takardu, a ranar zancen yake tashi.

Na ukun shi ne mai haɗari: sokawe a ƙofar gida. Abin da ke wajen iyakar filinka hanya ce, ta jama'a ce, ko da lungu ne da mota ba ta shiga. Babu izinin da za a ba ka na haƙa rami a kan hanya. In aka zo aikin titi ko kwalbati za a rushe shi, kuma kada ka sa ran diyya. Kafin wannan ma, tifar yashi ɗaya ta taka murfin ta isa ta rufta da shi.

Game da takardu, abin da akan nema shi ne shaidar mallakar fili, taswirar wurin da ke nuna iyakoki da maƙwabta, zanen gidan yadda yake yanzu da yadda zai koma, da katin shaida da hotunanka. Zanen ya fito daga hannun mai zane mai rajista, ya buga hatiminsa. In bene ne sai an haɗa da zanen injiniya na rodi da ginshiƙai. Bayan ka miƙa, jami'ai za su zo su ga wurin, sannan a yanka maka kuɗi gwargwadon girman gini da unguwa da abin da za a yi da shi, na zama ne ko na kasuwanci. Don haka kada ka yarda da wanda zai tare ka a bakin ofis ya faɗa maka farashi da baki. Ka karɓi takardar biya, ka biya a asusun gwamnati, ka riƙe rasit.

Inda za ka fi shan wahala shi ne awon igiyar. Takardar ciniki shaida ce tsakaninka da wanda ya sayar maka, ba takardar mallaka ta gwamnati ba ce. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni tana hannun gwamna ne, takardun kuma ta ma'aikatar ƙasa da KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Kano, suke fitowa. Ka fara zuwa can da takardarka ka tambayi hanyar daidaita filin. Ko da ba don banɗaki ba, gidan da ke da takarda ya fi daraja a kasuwa.

Injiniya

Bari in tsaya a kan fasa ƙofa, don an wuce ta da sauri. Kafin a ɗaga guduma, a cire silin ɗaya a leƙa sama. In katakon rufi yana zaune a kan bangon nan, ko bulon inci tara ne, to bango ne mai ɗaukar kaya. Ba a fasa shi daga ƙasa. Ana tokare sama da katako, a sare gurbin linta, wato kankaren da ke gitta saman ƙofa, a zuba ta da rodi mai kaurin milimita 12 guda huɗu da zobba, ta hau kan bango aƙalla inci tara ta kowane gefe. A bar ta mako ɗaya ana ba ta ruwa, sannan a cire bulon da ke ƙarƙashinta. A yanka da injin yanka, kada a daka da babbar guduma, domin bugun ne yake tsaga bango har zuwa kusurwa. In bulon inci shida ne na raba ɗaki, aikin ya fi sauƙi, amma linta dai sai an yi ta.

Kuma in akwai niyyar ɗora tankin ruwa a saman sabon banɗakin, a faɗa tun yanzu. Lita dubu ta ruwa tan guda ce. Bangon inci shida da ɗan rufin kankare ba za su riƙe ta ba sai an yi ginshiƙai tun daga tushe, ko a yi wa tankin ƙafar ƙarfe ta daban.

Usta Mai Famfo

Alhaji, kuɗin banɗaki ba a tayil yake ba, yana ƙarƙashinsa. Duk abin da aka binne aka rufe, gyaransa sai an fasa, don haka a nan ake kashe kuɗi da natsuwa.

Bututun bayan gida inci huɗu ne, na shawa da na ƙasa inci biyu, na wankin hannu inci ɗaya da rabi. Inci huɗun ya gangara kamar santimita biyu a kowace mita. In ya kwanta sosai ƙazanta za ta tsaya, in kuma ya yi tsaye da yawa ruwa zai gudu ya bar ta a baya, duka biyun toshewa ce. Duk inda bututu zai karya kwana a waje, a yi ƙaramin ɗakin dubawa mai murfi, kada a binne gwiwa a ƙasa. A sayi bututu mai kauri. Akwai siriri mai araha a kasuwa, da an danne shi da ƙasa sai ya lotse.

Ka sayi mazaunin kafin a shimfiɗa bututu, ba bayan an gama ba. Akwai mai fitarwa ta ƙasa, akwai mai fitarwa ta bango, kuma tazararsa da bango ta bambanta daga wani zuwa wani. Tunda na tsuguno za a cire, bakin tsohon bututun da wuya ya dace da sabon, sai an matsar da shi. Sannan a duba alƙibla. A Kano gabas take, ta ɗan karkata arewa, saboda haka mazaunin ya kalli kudu ko arewa. Magina da yawa sai an gama tayil suke tunawa.

Wari kuma abu biyu ne ke kawo shi. Ko dai magudanar ƙasa ba ta da tarkon da ke riƙe ruwa ya tare iska, ko kuma ba a yi bututun shaƙar iska ba. Wannan bututun ya tashi daga layin inci huɗu ya wuce saman rufi, a ɗaure bakinsa da raga saboda ƙuda da sauro. In babu shi, duk sanda aka kora ruwa sai ya zuƙe ruwan tarko, warin rami ya dawo ɗaki. Tunda ƙofar za ta koma ɗakin kwana, wannan ba abin wasa ba ne.

Kafin a yi filasta, a toshe bakunan bututun ruwa, a cika tanki, a bar shi kwana ɗaya a ga ko akwai inda yake tsattsafowa. Daɓen ƙasa ya gangara zuwa magudana, santimita ɗaya zuwa biyu a mita, ya kuma yi ƙasa da na ɗakin kwana da kamar inci ɗaya. A shafa maganin hana ruwa a ƙasa, ya hau bango ƙafa ɗaya, a wurin shawa kuma ya kai sama da kai. A toshe magudana, a tara ruwa ya kwana biyu. In bangon ɗakin kwana bai yi danshi ba, sai mai tayil ya shigo.

Baban Walida

Allah ya saka da alheri. To sokawen fa? In ba a waje ba, ciki rijiya ce. Daga rijiyar zuwa kusurwar da ta fi nisa bai fi mita tara ba.

Duba-gari

Mita tara ta yi kaɗan, Malam. Mafi ƙarancin tazarar da ake ba da shawara tsakanin rijiya da ramin ƙazanta mita 15 ce, inda ƙasa ke da yashi ko ruwa ke kusa har 30 ake so. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa, abin da ke ramin ya bi ta ƙarƙashi ya shiga rijiya. Ruwan zai fito garau, ba wari, amma ta nan taifot da kwalara suke shiga gida. Kuma ka auna har rijiyar maƙwabta, katanga ba ta tare ruwan ƙasa.

Zaɓi biyu ne. Na farko, a gina tanki rufaffe a waccan kusurwar, da bulon inci tara cike da kankare, a yi masa filasta ciki da maganin hana ruwa, ƙasansa ma kankare, ba ya tsotsewa ko kaɗan, in ya cika mota ta zo ta kwashe. A bar murfin inda tiyon mota zai kai. Ga mutum takwas a yi shi babba sosai, kuma ruwan wanka da na wanki kada su shiga, in ba haka ba kullum kana kiran mota. Na biyu, a yi tanki mai ɗaki biyu da ramin tsotsewa kamar yadda aka saba, amma a haƙura da rijiyar a sha da girki. Ɗakin farko ya ɗauki kashi biyu cikin uku, bututun shiga ya fi na fita tsawo da inci biyu zuwa uku. Ni na farkon nake ba da shawara, don rijiya a Kano ba abin yarwa ba ce.

Abin da ba a yarda da shi sam shi ne haɗa bututun bayan gida da kwata. Wannan ko maƙwabta ba su kai ƙara ba, mu da kanmu muke zuwa. Tsohon masan kuma a kwashe shi a cike da ƙasa, kada a rufe bakinsa kawai a yi gini a kai.

Birkila

Ga lissafin kaya, ka ɗauka ka zaga kasuwar Ƙofar Ruwa ka ji farashin ranar, don kuɗin siminti ba ya kwana wuri ɗaya. Tsohon banɗakin ƙasansa murabba'in mita 3.6 ne, ka sayi tayil na mita 4, mai kaushi wanda ba ya santsi. Bango in za a kai tayil tsawon ƙofa, bayan an cire ƙofa da taga kusan mita 14 da rabi ne, ka sayi 16 saboda yanka da fashewa. Ka duba jikin kwali, an rubuta mita nawa yake ci, kuma ka saye su lokaci ɗaya, don launi yakan ɗan bambanta daga wannan kaya zuwa wancan. Siminti buhu shida zuwa bakwai zai yi daɓe da filasta da ɗaura tayil. Sabon na tsakar gida, in mita 1.2 ne da 1.8 kuma ya jingina da bangon da ke akwai, bulo kamar 130 har da na tushe, buhu ɗaya yana ɗaura wajen hamsin. Tankin ƙazanta lissafinsa daban, kuma kada ka yi mamaki in ya ci kuɗi kusa da banɗakin kansa.

Kuɗin aiki a yi jinga a rubuce, kowa da nasa: magini, mai famfo, mai tayil, mai wuta. A biya kashi-kashi, a riƙe na ƙarshe sai an gwada ruwa. A sa kuɗin kwashe ɓaraguzai, kada a tara su a hanya su toshe kwata. A kan jimlar ka ɗora kashi goma zuwa sha biyar cikin ɗari, tsohon gida ba ka sanin abin da ke cikinsa sai an fasa.

Mai Wuta

Hita ta samu layinta ita kaɗai tun daga akwatin wuta, waya mai lamba 2.5 ta jan ƙarfe zalla, da makunni mai amfiya 20 a wajen banɗaki, ba ciki ba. Dole a haɗa ta da wayar ƙasa, kuma a tabbatar akwai sandar da aka kafa a ƙasa da gaske, don gidaje da yawa wayar tana nan amma ba ta je ko'ina ba. A ƙara na'urar da ke yanke wuta in ta fara zuba, mai miliamfiya 30. Soket kada ya kusanci shawa. Bututun ruwan zafi kuma PPR ne, wato na roba mai jure zafi, na PVC da aka saba yana laushi ya saki a mahaɗa.

Baban Walida

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fasa sokawen waje. Zan fara da gyaran na ciki da rufaffen tanki, na tsakar gida kuma ya jira sai na ga yadda takardar fili ta kaya. Mai Zanen Gida, tankin shi ma a sa shi cikin zanen?

Mai Zanen Gida

A sa shi, har da rijiyar da tazarar da ke tsakaninsu da nisan kowanne daga katanga. Jami'in da zai zo dubawa zai tambaya. Kuma kafin a fara haƙa ka sanar da maƙwabcin da katangarsa ke kusa, a ja da baya aƙalla mita ɗaya da rabi daga tushen gininsa da naka.